Gwaggo Azumi, Mai Tsintar Fasassun Tuluna

Da rana ta ɗago a Danwarai, kafin mata su sauke tukunyar koko, akan ga wata tsohuwa ta fito da kwando a ka da sanda a hannu, tana bin bayan danga. Ba gaisuwa ta fito yi ba, ko da yake ba ta wuce kowa ba ta gaishe shi ba. Juji take bi. Takan tsaya a kan kowanne, ta tona da bakin sanda, ta ɗauki abin da ya yi mata, ta kaɗe shi, ta juya shi gaba da baya, ta jefa a kwando. Sakaina, tsingaro, tulu mai tsaga, tsumman da aka gaji da shi, faifan da bakinsa ya zare. Kafin hantsi ya yi zafi ta koma gida, ta zauna a gindin aduwar tsakar gidanta, ta miƙe ƙafa, ta jawo basilla da zaren kaba.

Wannan ita ce Gwaggo Azumi. Ubanta gyartai ne, mai ɗinkin ƙorai, mutumin Gumbin Kure. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ita ta zauna kusa da gwiwarsa har hannunta ya faɗa. Aure ya kawo ta Danwarai, mijin ya rasu, 'ya'yanta mata suna ɗakunansu a Dangamaji, ita kuwa ta zauna da sana'ar ubanta shekara arba'in da ɗoriya. Bana ta ajiye basilla, don ido ya ce ya gaji. Shi ya sa ya wajaba a faɗi abin da ta yi tun tana da kunnen ji. Yabon da aka ajiye sai an rufe mutum da ƙasa, ƙasa ce ke cin sa.

A hannunta abu ba ya mutuwa sau ɗaya. Ƙwaryar da ta tsage, ta huda, ta ɗinke, ta koma ɗaukar nono. In ta sake fashewa har ɗinki ya ƙi, ta fafe ta ta zama marar kwasar tuwo. In marar ta ci baki, ta zama abin zuba wa kaji tsaba. Zanen da ya mutu ya zama gammo, gammon ya zama lagwanin fitila. Tokar murhu ba ta zuwa juji, ana tace ta a sa a miya. A tambayi Altine, Bafulatanar rugar da ke bayan fadama. Ƙwaryar da uwarta ta ba ta ranar da za ta ɗakin miji sau uku tana fashewa, sau uku Gwaggo na ɗinke ta, kuma har yau da ita take kai nono kasuwar Jega.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne. Abin da Danwarai ba za ta iya biyan tsohuwar nan ba, shi ne abin da ya faru a shekarar garwa, yau shekara goma sha biyu ke nan.

Wanda ba ɗan lambu ba, bari a gaya masa. Mutanen ƙasar nan da albasa suke cin rani. Irinta baƙi ne, ƙanana, ba shi da ƙarfin rai kamar gero. Da bazara ake tara shi, ya kwana damina ɗungurungum a ajiye, sai ruwa ya fara ban kwana a yafa shi a fangali, wato ɗan filin da aka kewaye da kunya a lambu, a rene shi, sannan a yi dashe. In iri ya mutu a ajiye, ranin shekarar ya mutu, maza su kama hanyar ci-rani su bar mata da tsofaffi. Yadda kakanni suka bar mana kuwa, a shanya shi ya bushe ƙayau, a gauraya da toka, a zuba a tsohon tulu, a rufe da tsingaro, a liƙe da laka da kashin shanu, a ɗora a kan duwatsu a inuwar rumbu. Tsohon tulu ake so, wanda ya tsage ya daina riƙe ruwa, don shi ne ke numfashi.

To, a bazarar waccan shekara, Maiwada, ɗan ƙanen mijin Gwaggo, wanda lambunsa ya fi na kowa faɗi, ya dawo daga kasuwar Jega da garwa biyu a kan jaki. Garwar kananzir ce irin wadda ta fara shigowa bayan zuwan Nasara, maƙeri ya yi mata murfi. Tana ƙyalli, ba ta fashewa, ɓera ba ya huda ta. Kafin kasuwa ta zagayo sau uku, gida goma sha ɗaya sun yi garwa. Kada a cika zarginsu, ɓera ya daɗe yana yi musu ɓarna. Amma sabon abu yana da ɗoki, ɗoki kuwa ba ya shawara. Suka juye iri a ciki ba toka, suka danne murfi, suka jera garwa a zaure inda rana ke dukan bango, don baƙo ya shigo ya gani. Tsofaffin tuluna kuwa aka watsa su juji.

Gwaggo ta iske Maiwada a zaurensa yana goge garwa da hannun riga.

“Maiwada, irin nan ya bushe kuwa?”

“Ya sha rana kwana biyu, Gwaggo.”

“Toka fa?”

“Toka ta mi? Wagga aba ko iska ba ta shiga.”

“Abin da nika tsoro ke nan. Inda iska ba ta shiga, ba ta fita.”

Maiwada ya yi dariya. “Gwaggo, ki ce dai tulunan kika so. Suna can bayan danga, na ba ki gado tun ina da rai.”

“Na karɓa. Ƙaiƙayin da kunka murje iri fa?”

“Har shi? Kwashe, Sarauniyar Juji. In kin ga ƙurar ma ta yi miki, ki haɗa.”

Ta juya ta fita. Mai neman abu ba ya tsayawa amsa baƙar magana. Ta bi gida goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe tulunsu da ƙaiƙayinsu. Kwana tara tana zaune da faifai tana bakace, tana hurawa, tana tsintar baƙin ƙwaya daga cikin abin da masu shi suka ce ba komai a ciki. Daga kowane gida ta sami abin da bai wuce cikin ƙoƙo ba. Ta shanya, ta sa toka, ta zuba na kowane gida a tulun gidan, ta liƙe, ta jera su a ƙarƙashin rumbunta. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da ta sani ke nan.

Damina ta sauka. A tsakiyar marka sai ga wani manzo ya iso garin da umarni daga sama. An ce zazzaɓi ya yi yawa, sauro kuwa a ruwan da ya kwanta cikin fasassun tukwane yake haihuwa, saboda haka a farfasa su a binne. Maganar ba ta wauta ba ce. Amma da manzon ya tambayi inda aka fi tara tsofaffin tukwane, yatsun gari duk gida ɗaya suka nuna.

Ya shigo da kulki a hannu, Maigari Hamidu yana biye da shi, mata suna leƙe ta kan danga. Ya ga tukwanen da ba komai a cikinsu duk a kife suke. Sai idonsa ya faɗa kan goma sha ɗayan nan da ke ƙarƙashin rumbu.

“Inna, waɗancan fa?”

“Iri na ciki.”

“A buɗe in gani.”

Gwaggo ta san in aka ɓalle lakar nan a cikin laimar marka, iri ya sha danshi, an gama. Ta matsa ta tsaya tsakaninsa da rumbun.

“Ɗana, mi anka aiko ka kashewa, tulu ko sauro?”

“An ce duk abin da ke riƙe ruwa.”

“To, tsaya.”

Ta ɗauko wani tulu mai tsaga daga cikin na kife, ta ɗebo ruwa ta zuba. Kafin manzon ya gyara tsayuwa ruwan ya tsiyaye ta gindi ya bi ƙasa.

“Waɗancan ma 'yan uwanshi na. Don sun kasa riƙon ruwa anka yar da su.”

Manzon ya dubi tulun, ya dubi matan da ke kan danga. Ya rage murya.

“Inna, na gani. Amma ba zan koma in ce na shiga gidan da ya fi kowane gida tukwane na fito ban fasa komai ba. Cewa za a yi an toshe mini baki. Ko ki buɗe, ko in fasa.”

Ta dubi Maigari. Maigari yana kallon ƙasa, kamar wanda ya yar da allura. Nan ta gane ba mai tare mata. Ta gane kuma manzon nan ba mugu ba ne, ƙarar fashewa yake so a ji a bayan danga.

A kusurwar gidan akwai randarta. Babba ce, baƙa, ta uwarta, a kan raƙumi aka kawo ta daga Gumbin Kure. Ita kaɗai ce lafiyayyar aba a gidan.

“In mai riƙon ruwa kaka nema,” in ji Gwaggo, “ga ta can. Duk gidan nan ita ɗai ta.”

Sai a lokacin Maigari ya ɗago kai. “Gwaggo, wagga ai lafiyarta lau.”

“Shi ya sa, ranka shi daɗe.”

Manzon ya tsaya da kulki a hannu, ya kasa ɗagawa. Ita ta ɗauki taɓarya, ta yi bisimilla, ta buga wa randar a ciki. Ruwa ya malale tsakar gida har ya jiƙa takalmin manzo. Ya juya ya fita, Maigari ya bi shi.

Kulsum, matar Maiwada, tana cikin masu leƙe, kuma ita ta ba da labarin abin da ya biyo baya. Ta ce tsohuwar ba ta zauna ba, ba ta share ido ba. Durƙusawa ta yi tana zaɓen tsingaron randar, babba gefe guda don suyar gyaɗa, matsakaita don murfi. Magina ba sa gasa tukwane da damina, saboda haka har kaka ta yi, Gwaggo da gora biyu take zuwa rijiya safe da yamma, ga santsi, ga shekara sittin a wuya.

Gwaggo, ke ce kika fasa lafiyayya don ki tsare fasassu. Ke ce kika sha ruwan gora wata biyu saboda irin mutanen da suka yi miki dariya. Ba ki da lambu, ba ki da fangali ko ɗaya a fadamar Danwarai. Ɗiyar gyartai, mai ganin rai inda masu ido suka ga shara.

Ruwa ya fara janyewa. Maza suka gyara fangali, suka buɗe garwa. Wasu suka iske iri ya dunƙule ya yi furfura. Wasu nasu ya yi kyau a ido, sai dai wari. Aka yafa. Irin albasa kwana bakwai zuwa goma yake tsaga ƙasa. Aka yi goma, aka yi goma sha biyu, fangali yana nan kamar tafin hannu. Aka sake yafa sauran, shiru. Aka aika Aliero, aka aika Jega, aka iske masu iri sun riga sun zuba nasu. Lokacin reno kuwa ba ya jiran kowa. In ya wuce, ba dashe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata safiya Maiwada ya yi sallama a gidan Gwaggo, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa da tabarmarta.

“Gwaggo, an tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Yaya garwa?”

Ya sunkuyar da kai. “Gwaggo, a bar tone-tone.”

“Ni da tone-tone aka sanina. Faɗi abin da ka tafe da kai.”

“An ce kina da iri.”

“Ina da ƙaiƙayi. Ko shina da rai, ko ba shi da, Allah ɗai ya sani.”

“A ba mu mu yafa yau. Kwana na tafiya.”

“A'a. In na ba kowa tulunshi yau, wani ya ɗauki mai rai, wani ya ɗauki gawa, ba mai sani sai lokaci ya wuce. Ka ba ni kwana shida.”

Maiwada ya yi magiya, ta ƙi. Ta yago tsumma goma sha ɗaya daga wani mataccen zane, ta jiƙa su. Ta ɓalle kowane tulu, ta ɗebi iri da yatsa uku ta naɗe a tsumma, ta ajiye kowane ƙulli a gaban tulunsa, ta kife da sakaina. Kullum sai ta yayyafa musu ruwa. Kwana shidan nan maza suka yi ta giftawa ta ƙofar gidanta kamar masu jiran haihuwa, ita kuwa tana ɗinkin ƙoranta.

A rana ta shida, da hantsi, masu gida goma sha ɗaya suka taru a gindin aduwa, Maigari yana tsakiya. Gwaggo ta ɗauki ƙulli na farko ta warware. Ga ƙwayoyin sun fito da fararen wutsiyoyi kamar zare. Wani dattijo ya ce alhamdu lillahi a hankali. Ta warware na biyu, haka. Na uku baƙi ƙirin, ba motsi. Da ta gama, takwas sun yi rai, uku sun mutu. A cikin ukun nan har da na gidan Maiwada.

Maiwada ya miƙe zai fita. Ta ce, “Zauna.”

Ta jawo masaki, ta fara juye tulunan nan takwas a ciki, ɗaya a kan ɗaya. Sai Jelani, wanda tulun gidansa ya fi kowanne tsiro, ya yi gyaran murya.

“Gwaggo, a yi gaskiya. Namu ya yi rai, a ba mu namu. Wanda yaj jawo muna garwa shi sha abin da yad dama.”

Ta dakata da tulu a hannu. “Naka? Ina kab bar shi?”

Jelani ya kau da kai.

“Na ce ina kab bar shi, Jelani?”

“Bayan danga.”

“To, abin da anka zubar na mai tsinta na. Nawa na, kuma na raba shi goma sha ɗaya.”

Ta gauraya da hannu, ta ɗauki 'yar sakaina ta auna wa kowa, ba wanda ya fi wani da ƙwaya. Sharaɗi ɗaya ta kafa a gaban Maigari, cewa rabin albasar da kowa zai samu ba na ci ba ne, ba na kasuwa ba ne, a mayar da shi ƙasa ya yi fure ya ba da iri. Kowa ya ɗauki nasa a bakin riga ya nufi fadama. Maiwada ne ƙarshen tashi. Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Gwaggo, garwar fa? In yar?”

“Kai dai ba ka jin karatu. Ta kasa riƙon iri, ta kasa riƙon ruwa? Huda gindin guda ka yi ban ruwan reno da ita, gudan ka ɗebo da ita.”

Kwana takwas bayan haka fangali ya yi kore. Ba za a yi ƙarya ba, shekarar ba ta yi daɗi ba. Mai dashen fangali ashirin ya dasa uku. Jakuna ba su yi lodi zuwa Jega ba, kuma an sami mutum biyu da suka ci amanar sharaɗi suka sayar da rabon iri, Allah ya shirye su. Amma maza ba su watse ba, lambu bai mutu ba, kuma da bazara ta zagayo fararen furanni suka tsaya a fadama. Duk albasar da ke fita Danwarai yau jikar wannan ƙaiƙayi ce.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma mu mun zama masu zubar da zumar don tulun ya tsufa. Yanzu ga kwanon tasa ya shigo, ga kwalba, ga gwangwani, kowa hannunsa ya yi saurin jifa. Ba a ce kada a sayi sabo ba. Cewa aka yi kafin ka yar da tsoho, ka tambaye shi ko yana da sauran aiki. Matar da ba ta iya mayar da tsumma gammo ba, da magidancin da bai san inda tokar gidansa ke zuwa ba, kada su ce talauci ne ya same su. Su suka yi masa shimfiɗa.

Makon jiya dattawan gari suka je gaishe ta, Maiwada yana gaba, gemunsa ya yi fari. Suka zauna, aka yi addu'a, kowa ya faɗi alherin da ya sani. Tana zaune tana saurare, idon ya yi hazo, hannun yana lalube a kan tabarma kamar mai neman basilla. Da suka gama ta ce, “Na ji, Allah shi saka. Amma godiya ba ta liƙe bakin tulu. Irin bana da anka kawo min ajiya na can ƙarƙashin rumbu, tulu huɗu ban gani in liƙe ba, ga shi gabas ta fara baƙi.”

Gwaggo Azumi, mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya sa abin da kika tsare mana ya tsare ki ranar da ba wani rumbu sai nasa. Kin yi naki, har kin yi na wasu.

Ku kuwa da kuka ji wannan, kun ji abin da ta ce. Ranar nan Maiwada da kansa ya naɗe hannun riga ya kwaɓa laka, tana gaya masa inda zai danna. Tulu huɗu ne kawai, an gama da su. Na gidajenku suna nan a buɗe, hadari kuwa ya taso. Ku tashi.